Launin Takwara

Ranar Lahadi

Yaya,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Takwarata. Yaya ciwon ƙugun? Na san za ki ce ya tafi, alhali kina tsaye a kantin magani daga safe har yamma kina miƙa wa mutane abin da ke kanki ba kya sha. Ni lafiya lau, sai wani tari da ya ƙi rabuwa da ni tun watan jiya.

Taki ta iso, na karanta ta sau uku. Na yarda mu koma takarda, tunda wayarki ta zama ta Takwara, ba abin da zai shiga ciki bai bi ta idonta ba. Abin da kika faɗa ya tsaya mini a rai. A ce yarinya 'yar shekara goma sha biyu ta daina shiga hoto, in an zo ɗauka a makaranta sai ta koma layin baya ta sunkuyar da kai, don 'yan ajinsu sun ce in ta rufe ido da baki ba a ganin kowa a wurin. Yaya, irin maganar da aka yi mini ke nan ina yarinya, kuma har da ke a masu yi, kada ki musa. Ke kika fara kirana bayan tukunya ranar da aka kawo ni gidanku hutu. Na yafe, amma ban manta ba.

To ga labari. Shekara shida ke nan ina zane a kamfanin littattafan yaran nan, tun zuwana ƙasar nan. Yaran da na zana sun fi ɗari biyu. Masu kama da mu a cikinsu bakwai ne, na ƙirga. Su bakwai ɗin kuma aikinsu ɗaya: su riƙe wa jarumar jaka, su ba ta dariya, ko su tsaya a gefen shafi suna mata tafi. Ɗaya ma tun a babi na biyu marubucin ya ce iyayensa sun tashi daga unguwar, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ba wanda ya rubuta dokar, amma kowa ya san ta, baƙi ɗaya a littafi ya isa.

Makon jiya Edita ta ajiye mini sabon labari a tebur. Wata yarinya ce, maƙwabcinsu tsoho ya kwanta asibiti, ta ɗauki nauyin kula da tattabarunsa ba tare da kowa ya sa ta ba. Na bi shi daga farko har ƙarshe ina neman inda aka ce gashinta kaza, idonta kaza. Babu. Marubucin bai faɗa ba. Sai na ɗauko hoton Takwara da kika aiko bara, na jingina shi da gwangwanin fensirana, na fara. Wushiryar nan, da tabon girar hagu, da kunnuwan nan namu da ba wanda ya tsira daga gare su tun daga kan kakarki da kakata, duk na sa mata.

Bari in gaya miki yadda aikin yake. Ni layi kawai nake ja. Launi aikin wata ce, teburinta na manne da nawa. Tabarau muke ce mata, don nata ya kusa cinye rabin fuskarta. Farar fata ce, ta girme ni da kusan shekara ashirin, mijinta ya rasu, ita kaɗai take zaune. Ranar da na fara aiki ita ta nuna mini kujerar da ba ta karye ba. Har yau in na shigo da safe sai in tarar ta fiƙe mini fensir uku ta jera. In ruwa ya tsare ni, lemarta tawa ce. Ita take kai mini wasiƙun nan gidan waya, don a hanyar gidanta yake. Ba ta taɓa ce mini komai a kai ba, yi kawai take.

Tana da wani kati mai launin fata goma a jere, daga ɗaya, fari fat, har zuwa goma. Muka ɗora hoton Takwara kusa da shi, ta duba ta duba, ta ce tara. Ta ce shekararta ashirin da biyu a wannan aikin, ba ta taɓa shafa tara a fuskar jarumar littafi ba. Murna ta sa har ta cire tabaraun ta goge.

Ki gaya wa Takwara Anti ta yi mata alkawari. Za ta ga kanta a bangon littafi, a tsakiya, da launinta, ba a rage ko ɗigo ba.

Ƙanwarki.

*

Ranar Alhamis

Ƙanwata,

Na samu taki, mun gode Allah da kike lafiya. Mu ma muna nan. Ƙugu ya tafi, ki bar ni in faɗa. Wannan tarin kuma ki je a duba shi, ki daina yi mini taurin kai daga nesa. Maganar bayan tukunya, ni ban tuna ba, amma in na faɗa to gaskiya na faɗa, ni ma ai ba murfin ba ce.

Na gaya wa Takwara. Tana wanke kwano na faɗa mata, ko juyowa ba ta yi ba, ta ce Anti na so ne ta faranta mata rai. Na ce ki yarda ko kada ki yarda, Antinki ba ta ƙarya sai a kan shekarunta. Can da yamma sai ga ta ta zo ta tsaya a kaina, wai a littafin da kitso za ta fito ko da ɗankwali. Washegari kuma wai tattabaru nawa ne. Yanzu kullum da tambayar da take zuwa da ita, ni kuwa ban san komai ba, sai in ƙirƙira. Na ce mata tattabaru goma sha huɗu, ki daidaita zanenki da ƙaryata.

Amma zan faɗa miki abin da ke damuna, ke kaɗai. Kantin nan da nake aiki sunansa kantin magani, amma rabin abin da ke fita daga cikinsa man shafawa ne. Kanta guda aka ware masa, daga sama har ƙasa, kowane kwali da mace a jiki tana murmushi, fuskarta kamar an wanke ta da madara. Mata na zuwa da gwiwoyin yatsu baƙaƙe, fuska ja, su ce in ba su wanda ya fi ƙarfi. Ni nake miƙa musu da hannuna. In Takwara ta taso daga makaranta nan take zuwa ta jira ni, kuma kujerar jiran tana fuskantar kantar nan. Da tana aikin makaranta a kai. Yanzu kwalayen take karantawa, har ta san wanda ake haɗawa da wane.

Ranar nan wata mai saye ta dube ta ta ce mini, yarinyarki tana da hanci da ido, ki fara mata tun yanzu fata na da taushi, ai farar mace alkyabbar mata. A gabanta ta faɗa. Na so in zage ta, mai kanti na tsaye, sai na yi dariyar da ba ta kai ciki ba na ƙulla mata kayanta. Takwara ta ga dariyar nan, kuma shi ne abin da ya fi ci mini rai.

Saboda haka, alkawari kaya ne. Kin ɗora wa yarinya rai. In kin san abin nan ba a hannunki yake ba, ki faɗa mini tun yanzu in san yadda zan sauko da ita a hankali. Ki gaida ƙawarki mai tabarau, Allah ya saka mata. Wanda zai fiƙe maka fensir kullum shekara shida ba ƙaramin mutum ba ne.

Yayarki.

*

Ranar Asabar

Yaya,

Ina gaida ku, ina fatan kuna lafiya. Ki ce wa Takwara da kitso ne, guda shida zuwa baya, tattabaru kuma na mayar da su goma sha huɗu don in rufa miki asiri. Tarin yana nan, yanzu har da zazzaɓi da yamma. Zan je, in na miƙa aikin.

Kamar kin sani. An kira taro ranar Talatar makon jiya, aka baza zanen a babban tebur. Edita ta yaba, ta ce yarinyar tana da rai, ta fi duk wadda na taɓa zanawa. Daga nan ta kira mutumin maɗaba'a ya yi bayani. Ya ce takardar da muke bugawa a kai mai araha ce, tana shan tawada, duk abin da ya wuce shida a katin nan caɓewa yake, hanci da kumatu su haɗe su zama tabo. Don haka tun da can al'adarsu ce in fuska mai duhu ta zo sai su ɗaga ta hawa biyu ko uku, ba sai sun tambayi kowa ba. Ashe yarana bakwai ɗin nan ma duk an ɗaga su, ni ban taɓa lura ba, don a gefen shafi suke.

Sai mai kula da kasuwa ya karɓa. Shi ba ruwansa da tawada. Ya ce masu sayen littattafanmu suna son ɗansu ya ga kansa a bango. Na ce ni ma abin da nake so ke nan. Ya yi murmushi ya kawo shawara, wai don kowa ya samu: a haskaka mai tattabarun, sannan a ƙirƙiro mata ƙawa baƙa wadda za ta riƙa riƙe mata kwanon hatsi. Yaya, na ji kamar in kifa teburin. Na ce a'a. Edita ta ce in je in yi tunani, ta kuma tuna mini, cikin ladabi, cewa kwantiragina saura wata uku a sabunta. Kin san takardar zamana a nan da aikin take ɗaure.

Tabarau ba ta ce uffan ba a taron, har na ji haushinta. Washegari na zo na tarar ba ta fita cin abincin rana ba. Haka ta yi kwana shida, tana gwaji a kan irin takardar maɗaba'ar da ta roƙo. Ta gano in ta sa ɗan shuɗi a kan kumatu da goshi, ta bar bayan yarinyar da haske, tara tana fita tsaf, har wushiryar. Ta kai wa Edita da kanta. Edita ta ce ya yi kyau, za a duba. Kin san ma'anar za a duba.

Ban san yadda za ta ƙare ba. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. In na tsaya a kan bakana wataƙila su ajiye littafin su ajiye ni, Takwara ta tashi ba littafi ba Anti mai aiki. In na sauko kuma, da wane ido zan dube ta? Kada ki gaya mata komai tukuna. Ki ba ni shawara, ke ce babba.

Ƙanwarki.

*

Ranar Litinin

Ƙanwata,

Muna lafiya. Allah ya ba ki sauƙi.

Yau da safe ina gyara gadon Takwara na tarar da kwalbar man nan a cikin rigar matashi. Ba daga kantinmu ba ne, irin na haɗi ne, ba suna ba komai, wata 'yar ajinsu ce ke ɗebo mata daga na uwarta. An sha kusan rabi. Na duba wuyanta na ga ya fara tashi. Ban dake ta ba, na rasa ma ƙarfin faɗa.

Shawara kike nema, ga ta. Ki yi abin da zai fisshe ki. Littafi takarda ne, ba shi zai hana abin da duniya duka ke gaya mata ba. Kada ki rasa aikinki saboda mu.

Yayarki.

*

Ranar Juma'a

Ƙanwata,

Gaisuwa, da fatan lafiya ce ta sa shiru. Yau mako bakwai ban ga rubutunki ba. Na kira wayarki sau huɗu daga kanti, a kashe. Na san halinki, in aka ɓata miki rai ba kya faɗa, sai ki naɗe kamar bushiya. To in takardata ta baya ce, ki yi haƙuri. Ranar da na rubuta ta ba a hayyacina nake ba. Na aika ta kafin zuciyata ta huce, ina fitowa daga gidan waya na yi nadama. Ban ce ba mu damu ba, ban kuma ce ki canza komai ba. Gajiya ce ta yi magana.

Ga abin da ya faru bayan nan. Kwana uku ba ma magana da Takwara sai ta dole. A na huɗu na zaunar da ita ina taje mata kai, don in ba ta ganin fuskata ta fi buɗe baki. Na tambaye ta me take nema. Ta ce ba wai tana son ta zama fara ba ne, so take a daina ganinta. Na ce to Anti fa, da ta sa ki a bango don kowa ya gan ki?  Can ta tashi ta ɗauko wata kwalbar, ta biyu, wadda ban ma san da ita ba, ta ajiye a cinyata.

Ta ce, “Zan jira littafin. In na ga ta yi kyau a haka, na bari.”

Ka ji yarinya da ciniki. Amma ta cika maganarta. Ina duba wuyan kullum, ya kwanta. Ta gaya wa 'yan ajinsu biyu, sun ce ƙarya take, ta ce su jira. Duk ranar da ta dawo sai ta tambaya ko mai kawo wasiƙa ya zo.

Don haka na janye shawarata. Ki riƙe taranki da hannu biyu. In sun kore ki ki dawo, ɗakin nan zai ɗauke mu mu uku, ba a kanmu aka fara ba. Ki rubuto ko layi ɗaya ne, ko zagi ne.

Yayarki.

*

Ranar Laraba

Yaya,

Ina gaida ku. Ina raye, kuma ba fushi nake ba. Ki karanta wannan ke kaɗai, ki karanta har ƙarshe kafin ki yi komai.

Tarin nan ashe huhu ya kama. A wurin aiki na faɗi, kwana biyu bayan na aiko miki ta ƙarshe. Mako biyar na yi a asibiti, biyu a gida. Tabarau ce ta bi ni a motar asibitin. Ita ta rubuta sunanta a gurbin ɗan'uwa, don ba ni da kowa a nan. Kullum in ta tashi aiki sai ta zo da abinci mai ɗumi a naɗe cikin tawul. Ta wanke mini kaya, ta shayar da shukokina, ta koyi tufke mini gashi, duk da abin da take yi ya fi kama da igiyar ɗaure akuya. Wayata ta faɗi ta fashe ranar da na faɗi, ita ta kai gyara. Yaya, ko ke ce iyakar abin da za ki yi ke nan.

Ita ta kawo mini gajeriyar takardarki asibiti. Na karanta na fashe da kuka, ta rikice, ta ce wa ya mutu. Sai na fassara mata, kalma bayan kalma, har da inda kika ce in yi abin da zai fisshe ni, kada in rasa aikina saboda ku. Ni kukan man nan nake. Ita abin da ta ji daban. Ta ɗauka uwar yarinya ta sauke mini alkawarin. Ta biyun taki, wadda kika janye maganar, sai shekaranjiya na same ta a akwatin gidana.

Jiya na koma aiki. Na tarar an yi mini maraba, an jera fensir uku, kuma a tsakiyar tebur ga littafin, an buga, an ɗaure shi da zare mai kyau. Na ɗauka. Takwara ce. Wushiryar, tabon gira, kunnuwan, kitso shida, ba abin da aka taɓa. Amma huɗu ce, Yaya. Ba tara ba, ba ma shida ba. Huɗu. A shafi na goma kuma ga wata baƙar yarinya da ban zana ba, an ɗauko wani ya ƙara ta, tana riƙe da kwanon hatsi tana dariya.

Na ja Tabarau zuwa ɗakin ajiye takardu na rufe ƙofa. Ba ta yi musu ba. Ta ce ina mako na biyu a asibiti Edita ta ce ranar miƙa wa maɗaba'a ta zo, ko a haskaka ko a soke littafin, kuma wanda ba shi da littafi a layi ba a sabunta masa kwantiragi. Likita ya ce kada a tayar mini da hankali. Ta yi ta jan su har takardarki ta zo, sai ta zauna ta yi da hannunta, shafi talatin da biyu. Ta ce in ta bar wa maɗaba'a za su ɓata fuskar, gara ita ta yi a hankali yadda kamannin ba za su gudu ba. An sabunta mini shekara biyu.

Na ce, “Me ya sa ba ki tambaye ni ba?”

Ta ce, “Da na tambaye ki da kin ce a'a. Da yanzu kina haɗa kaya da huhu ɗaya.”

Gaskiya ta faɗa, shi ne abin da ya fi ƙona ni. Na so in tsane ta, na kasa. Matar da ta riƙe mini kwano ina amai. Na so in gode mata, shi ma na kasa. Na ce mata garin gyaran gira ta tsone ido, na fassara mata, ta gane, ta zauna a kan kwalin takarda tana kuka. Har yanzu ba ta ga abin kamar yadda nake ganinsa ba. A wurinta yarinya za ta ga fuskarta a bango, launi kuma hawa biyar ne kawai a kati.

Yanzu ga abin da ya sa nake rubutu da sauri. Cikin kukan take gaya mini, kwafin farko da ya fito, kwana goma sha biyu da suka wuce, ta sa shi a ambulan ta aika wa Takwara. Adireshinku a kanta yake, tunda ita ke kai wasiƙuna. Sunan Takwara ta rubuta a baya, ba naki ba, wai don yarinya ta ji daɗin buɗe abinta da kanta. Na kira kanti jiya da yau, ba a ɗauka.

Ki tare shi, Yaya. Ki je gidan waya, ki tsare mai kawo wasiƙa a hanya, ki ce ya ɓace, ki ce an fasa bugawa, ki ce Anti maƙaryaciya ce. Komai kika ce ya fi. Ina da gwajin da Tabarau ta yi da tara, shafi shida, zan aiko su. Kada littafin nan ya shiga hannunta.

Ƙanwarki.

*

Ranar Lahadi

Ƙanwata,

Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Na ji kunyar zargin da na yi miki, kina kwance ina nan ina lissafa miki fushi. Mu muna nan da rai.

Taki ta zo ranar Alhamis. Littafin ya riga ta da kwana tara. Wayar kanti an yanke ta tun farkon wata, shi ya sa ba ki same ni ba, kuma ko kin same ni aikin gama ya riga ya gama.

Ina kanti ya zo. Ranar ba ta biyo ta wurina ba, kai tsaye ta wuce gida, mai kawo wasiƙa ya ba ta a ƙofa. Da na dawo tun daga waje na ji tana waƙa. Rabon da in ji muryar nan a sama an fi shekara. Ta yi shara, ta ɗora ruwa, ta tare ni da gudu da littafin a ƙirji. Ina ganin bangon littafin na gane abin da aka yi. Na shirya rarrashi, na shirya in zage ki don ta huce. Ba ta ba ni dama ba, don ba abin rarrashi. Murna take.

Ta ce, “Umma, dubi yadda na yi kyau. Ashe Anti ma ta san haka ya fi.”

Na ce kuskure ne na masu bugawa. Ta ce a'a, ai ba su yi kuskure a ɗayar ba, ta buɗe mini shafi na goma ta nuna mai kwanon hatsi. Ta ce ga baƙa nan an iya buga ta. Wa zai yi gardama da wannan? 

Ta kai shi makaranta. Waɗanda suka ce ƙarya take sun zagaye ta, malama ta karanta shi a gaban aji, kowa na cewa kamar ta sak, sai dai ta littafin ta fi haske. Ta dawo tana ba ni labari tana dariya. Tun da na haife ta ban taɓa jin tsoron dariyarta ba sai yanzu.

Shafuka shidan da kika aiko na ba ta jiya. Na karanta mata inda kika ce ba ke kika canza ba. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, a natse, ta ce sun yi kyau, amma ai waɗannan ne aka ƙi. Ta mayar mini da su. Suna cikin akwatina.

Ta koma shafawa. Ba ta ma ɓoyewa yanzu. Na zubar da kwalba biyu, ta uku ta zo. Na je gidan 'yar ajin nasu na yi rashin mutunci, uwar ta dube ni ta ce ba a kantinku muke saye ba? Na dawo. Gefen kumatunta ya fara ja, in ta shiga rana yana mata zafi, ta ce haka yake yi da farko. Ban san abin da zan ƙara yi ba, ƙanwata. Na gaji, kuma wannan karon ba gajiyar da za ta huce kafin in kai gidan waya ba ce.

Kada ki bar aikin, ba abin da barinsa zai gyara. Ƙawarki kuma kada ki yanke ta. Ta jinyace ki lokacin da ni ban ma san kina kwance ba. Ki gaishe ta. Ban ce ki gode mata ba.

Takwara ta ce lallai sai ta sa hannu a takardar nan. Na ba ta ƙasan shafin. Na karanta abin da ta rubuta, na ɗauki biro zan soke, na fasa, don naki ne.

Yayarki.

Anti, ina wuni, ya jiki. Na gode sosai da sosai. Kowa a ajinmu ya gani. Ki gaida mai launi, ta iya aiki. Umma ta ce wai kin yi kuka, kada ki damu, ni ban ji haushi ba ko kaɗan. In za ki yi na biyu ki ɗan jira ni in aiko sabon hoto. Na kusa kamo ta.

Takwararki.